Ordinatar Salisu daga Sabha zuwa Gidimuni

Ƙarfe huɗu da minti ashirin na yamma, ranar Laraba, aka miƙa mini ordinatar ƙanena Salisu. Mu uku ne a ɗakin: ni Haruna, sai Ba Kyari, dattijon da ke riƙe da gidan 'yan Damagaram a Sabha, haifaffen Zinder ne amma kakanninsa daga Barno suka zo, sai Isufu ɗan garin Dogo, wanda ya yi shekara biyu yana kwana ɗaki ɗaya da marigayin. Na duba agogo, na rubuta lokacin a kayena, wato ɗan littafin rubutuna, don haka nake yi da duk abin da aka ba ni amana.

An binne Salisu kwana uku kafin in iso. Ina wata gona nesa da gari, tafiyar wuni guda, ina ba tumatir ɗin wani Balarabe ruwa kamar yadda nake ba nawa a bakin tafkin Gidimuni. Waya ba ta kamawa a can. Direban da ke kawo mana taki ne ya gaya mini, yana sauke buhuna yana faɗa. Ciwon ƙirji ne, in ji shi.

Ni na bar lakwal, makarantar boko, a aji shida. Salisu ya kai kwalej, kansa na ja, kuma da ya zo Libiya bai ɗauki bulo ko shebur ba. Ya sayi wata 'yar ƙaramar ordinatar, wadda mutanen Kano ke ce wa kwamfuta, ya zauna da ita a ƙofar gidan Ba Kyari. Lebura ya kawo katin wayarsa, Salisu ya zuba masa karatun Alƙur'ani, ko wa'azi, ko waƙoƙin gida. Yana da wata al'ada: a farkon kowane kati sai ya sa muryarsa, yana cewa, "Salisu ɗan Gidimuni ne ya zuba, a sa mu a addu'a." Ni ban taɓa ba shi katina ba. Na ce masa wannan ba sana'a ba ce, zaman banza ne da aka jona wa wuta. Ya yi dariya ya ce, "To Yaya, Allah ya bar ka da tiyonka."

Isufu ya ajiye ordinatar a gabana, naɗe cikin rawani.

"Abu uku ya ce in gaya maka, Yaya Haruna."

"Faɗe su bi da bi."

"Na farko, akwai maganar da ya yi wa Inna a ciki. Ya fitar da mu waje, ya rufe ƙofa, ya fi rabin awa yana magana, ya yi tari ya ci gaba. Na biyu, kada a buɗe maganar sai a gabanta. Na uku, kada wutar ordinatar ta ƙare."

Na tambayi dalilin na ukun. Ya ce Salisu ya bar ta a buɗe. In an rufe murfin barci take yi, tana shan wuta kaɗan-kaɗan, in an ɗaga sai ta farka ba ta tambayar komai. Amma in batirin ya ƙare ta mutu, duk wanda ya sake tayar da ita sai ta nemi kod, wato lambar sirri, kod ɗin kuwa yana cikin kan Salisu. Isufu ya tambaye shi, ya ce gobe zai rubuta masa. Goben ba ta same shi yana magana ba.

Na ce ina sharjar, wato igiyar da ake ba ta wuta da ita. Ba Kyari ne ya amsa. Washegarin jana'iza, da rana tsaka, masu bindiga suka shigo gidan, suka kwashe wayoyin kowa da duk abin da ke da igiya a jiki. Ordinatar ta tsira ne don Isufu ya cusa ta cikin buhun shinkafa. Sharjar tana rataye a bango, ta tafi.

Isufu ya ɗaga murfin ya nuna mini wata 'yar lamba a kusurwa: arba'in da ɗaya cikin ɗari. Na rubuta. Ya ce in ta cika, barcinta ba ya wuce kwana huɗu. Daga Sabha zuwa gida kuwa, in Allah ya sauƙaƙa, kwana goma sha biyu ne.

Ya kamata mai karatu ya san abu ɗaya. Innarmu ta tsufa, idonta ya tafi shekara uku da suka wuce. Salisu ne autanta, rabonta da shi shekara biyar. Hoto ba zai yi mata komai ba, tufafinsa ma haka. Muryar nan ita ce kaɗai abin da zan iya kai mata.

Zango na farko, kasuwa.

Alhamis da safe na shiga layin masu kayan wuta. Larabcina na gona ne, na san sunan taki da tiyo da zagi. Na nuna wa wani mai tebur ramin da ke gefen ordinatar. Ya jawo kwali cike da igiyoyi, ya yi ta gwada kawuna kamar mai gwada takalmi, har ɗaya ya shiga ya zauna daram. Ya buɗe hannu yana murmushi. Ni ma na yarda, don a gida haka muka sani. A kasuwar Gidimuni mai sharjin waya yana da igiya ashirin a ƙarƙashin rumfa, wadda kanta ya shiga ita ce taka, babu wanda ya taɓa karanta komai. An ɗauke kuran, wato wutar lantarki, a kasuwar a safiyar, shi ya sa bai jona a bango ba.

Kafin in tafi ya fito da wani baƙin dunƙule mai nauyi kamar rabin bulo, an rubuta 50000 a jikinsa. Ya ce rumbun wuta ne, zai kai ni har ƙasarmu ban nemi bango ba. Na auna nauyinsa a hannu, na ji abin kirki ne. Na saya.

Da na koma gida Ba Kyari ya riƙe hannuna tun ban kai bango ba.

"Tsaya, ɗana. Ni ban san komai a nan ba, amma na ga mutane da yawa sun yi kuka a ɗakin nan saboda igiya. Ka je wurin Baba Ali mai gyaran kayan wuta tukuna."

Zango na biyu, shagon Baba Ali.

Mutumin Kumasi ne, Hausarsa ta zango, gemu fari, tabarau ɗaure da zare. Shagon bai fi wurin kwanciyar mutum biyu ba. Ya kife ordinatar, ya ba ni gilashin ƙara girma, ya sa farce a kan wani rubutu ƙanana.

"Ka yi makaranta?"

"Aji shida."

"Ya isa. Karanta."

Na karanta: 12V, 2A. Ya juya sharjar da na sayo. Na karanta: 19V, 3.42A.

"Ka gode wa wanda ya ɗauke wuta a kasuwa," in ji shi. "Da yanzu gawa ta biyu kake ɗauke da ita."

Ya tambayi sana'ata, na ce lambu. Ya ce to zance ya yi sauƙi. Ya yi magana, ni kuma na rubuta, kuma ga shi yadda yake a kayena har yau.

Na ɗaya, V ƙarfin turawa ne, kamar ƙarfin ruwa a cikin tiyo. Dole na sharja da na ordinatar su zama daidai. In ya gaza, ruwa ba zai kai ba. In ya fi, tiyo ya fashe.

Na biyu, A yawan abin da sharjar za ta iya bayarwa ne. In ya fi na ordinatar ba laifi, don tana shan abin da take bukata ne ta bar saura. In ya gaza, sharjar za ta yi zafi ta gaji.

Na uku, shigar kai ba hujja ba ce. Kai ɗaya yana iya ɗauko sha biyu, yana iya ɗauko sha tara. Kuma wuta tana da gefe biyu, mai gicciye da mai layi, ba a juya su.

Na huɗu, batirin da ke cikinta yana da nasa lambobin, kada a haɗa su da na sharja. Ya nuna mini a takardar da ke manne: 7.6V, 5000mAh, 38Wh. Ya ce in ina son sanin girman randar, Wh zan duba. Lambar mAh ita kaɗai ba ta gaya wa mutum komai in bai san V ɗin da ke tare da ita ba, kuma da ita 'yan kasuwa suka fi yaudarar mutane don tana da sifili da yawa.

Nan ya ɗauki rumbun wutata. Ya jijjiga shi kusa da kunne, ya sa wuƙa ya ɓalle murfin. Ƙananan batura biyu ne a ciki, sauran wurin an cike shi da leda uku na rairayi.

"Ɗan Nijar," in ji shi, "daga hamada ka zo, hamada za ka koma, ka tsaya sayen rairayi."

Ya ce ko da na gaskiya ne, V biyar yake bayarwa, na waya ne, ba zai motsa wannan ba.

Ya tona kwalinsa ya samo wata tsohuwar sharja ta akwatin telebijin, 12V, 2A. Ya yanke kan wadda na sayo ya ɗaura mata, ya auna da montir ɗinsa na gwajin wuta sau biyu, sannan ya jona. Wata 'yar fitila ta kama a gefen ordinatar. Sai a lokacin na lura tun safe ban sha ruwa ba.

Don hamada, inda babu bango, ya haɗa mini wata igiya mai irin kan nan a gefe ɗaya, da maƙalai biyu a ɗaya gefen, ja da baƙi. Ya ce batirin mota sha biyu ne. In karanta jikinsa kafin in taɓa, injin ya zama a kashe, ja a kan mai gicciye, baƙi a kan mai layi. Na rubuta wannan a matsayin na biyar.

Sannan ya ce, "Amma duk wannan wahalar banza ce. Kawo in kwafe maka maganar a kati. Minti biyar. Ka sa a aljihu, ordinatar ta mutu in ta ga dama."

Na ce a'a.

"Ba zan saurara ba, malam. Kwafewa kawai."

Na ce masa a garinmu ba a buɗe akwatin mamaci a hanya. Ana kai shi gida a ɗaure, a kira liman da baffanni, a kwance a gaban kowa. Kuma mai abin ya ce sai a gaban uwarsa. Kwafewa buɗewa ce. Ba Kyari, da ya rako ni, ya ce, "Haruna, yaron nan so yake maganar ta isa. Bari ya kwafe." Na ce, "Ba Kyari, abu uku ya faɗa, ba huɗu ba." Suka dubi juna. Baba Ali ya ɗaga kafaɗa ya naɗe mini igiyoyin. Ya ƙi karɓar komai. Ya ce shi ma yana da uwa a Kumasi, shekara tara bai ga fuskarta ba.

Zango na uku, ƙaramar mota.

Asabar muka tashi, mu ashirin da wani abu a bayan mota mai buɗaɗɗen baya, ƙafafu a waje, kowa riƙe da sanda tsakanin cinyoyi don kada ya faɗo. Na naɗe ordinatar cikin bargo na ɗaure a ƙirji, don Baba Ali ya ce zafin rana yana kumbura batiri. Kusa da ni wata mata ce mai suna Mariama, 'yar Tirmini, ta yi shekara huɗu tana dafa wa leburori abinci, za ta koma da tukwanenta. Ta ga yadda nake rungume da bargon.

"Malam, goyo ne a gaba? Namiji ko mace?"

Na ƙara ƙanƙame bargon. Amma da muka wuce Gatrun muka hango shingen masu bindiga, ba ta tambaye ni ba, ta fizge bargon ta zare ordinatar, ta sa a gindin babbar tukunya, ta juye busasshiyar kuɓewa da yaji a kai. Aka sauke maza aka durƙusar da mu a rana. Suka laluba mu har cikin wando. Suka karɓi wayata, suka mari wani ɗan Mirya da ya ce ba shi da komai, suka buga masa gindin bindiga a baya. Ɗaya ya buɗe tukunyar Mariama, yajin ya shige masa hanci, ya yi atishawa ya rufe. Da muka yi nisa ta miƙo mini abina tana karkaɗe shi da gefen zane.

"Ga ɗanka. Yanzu sai ka gaya mini sunansa."

Na gaya mata duka. Ba ta sake yi mini ba'a ba sai can gaba.

Kwana huɗu muka yi a wannan motar. Ba zan bayyana hamada ba, wanda ya bi ya sani, wanda bai bi ba ba zai gane ba. Akwai tudun duwatsu a gefen hanya, kowane tudu mutum ne. Ruwan bido, wato jarka, ya yi zafi kamar na shayi, yana warin mai. Da na rufe ido sai in ga tafkinmu da safe, in ji warin laka da rake, in ji Inna tana kiran Salisu ya zo ya karɓi fura tun ba ta tsinke ba.

Direban Batube ne, ba ya magana. A rana ta uku, da aka tsaya hutun azahar, na ɗaga murfin na ga ashirin da uku. Na je na nuna masa igiyata. Ya dube ni, ya dubi igiyar, ya buɗe gaban motar. Batiri ɗaya ne. Na goge ƙura na karanta: 12V. Injin a kashe. Ja a kan mai gicciye, baƙi a kan mai layi. Fitilar ta kama. Na tsuguna na yi mata inuwa da jikina har ya ce a tashi. Saba'in da takwas. Na rubuta, kuma na ji a raina na iya. Wannan jin shi ne farkon abin da ya same ni.

Zango na huɗu, Dirku.

A nan ƙaramar motar ta juya. Muka kwana uku muna jiran abin hawa. Akwai mai shago da injin wuta, ya bar ni na jona sharjar Baba Ali a bangonsa, na zauna a gefenta kamar mai jinya. Na fita Dirku tana ɗari cif.

Abin da muka samu shi ne kamyo, babbar motar nan mai ɗaukar dabino da kanwa, mutane a saman kaya. Aka ce kwana huɗu zuwa Agadas. Na yi lissafi: kwana huɗu, barci kwana huɗu, za mu isa da ƙyar. Amma a rana ta biyu muka kafe a rairayi, muka wuni muna haƙa da sa farantin ƙarfe a ƙarƙashin taya. A rana ta uku wani abu ya karye a ƙasa, direban ya wuni yana ɗaure shi. Da yamma na duba: goma sha tara.

Mariama ta matso, tana nuna wani tsoho da ke zaune kusa da mu.

"Malam Haruna, ka ji shawarar mace. Kunna maganar nan mu saurara, ni da kai da wannan tsohon. In wani abu ya faru, mu uku mun riƙe. Ni ba na manta magana, tambayi mijina in ka gan shi."

"Ya ce sai a gabanta."

"Shi da ya faɗa bai san kamyo zai karye ba."

"Ba a buɗe kayan mamaci a hanya."

"Kai dai da kai ne liman, da ba a yi wa kowa sallah ba sai ya kawo takarda."

Tsohon ya yi dariya. Ni na ɗaure bargona.

Zango na biyar ba gari ba ne, ba shi da suna.

Ranar Talata ce, ƙarfe ɗaya saura kwata. An tsaya, mutane sun shige ƙarƙashin kamyo neman inuwa. Lambar ta ce tara. Direban, wani ƙato mai suna Gambo, ya kwanta ya rufe fuska da rawani. Na taɓa ƙafarsa na ce ina son in ɗan sha wuta a batiri. Bai buɗe fuska ba, ya nuna gefen motar da hannu.

Na buɗe akwatin ƙarfen. Batiri biyu ne manya, gefe da gefe. Na fito da kayena na bi dokokin ɗaya bayan ɗaya. Na goge na farko: 12V. Na goge na biyu: 12V. Na sake karantawa da yatsa a kan lambar. Injin a kashe. Wata gajeruwar igiya mai kauri ta haɗa su a tsakiya, an shafe kawunan da ta kama da man giris an rufe da roba. Kawunan da ke fili biyu ne: mai gicciye a kan batirin dama, mai layi a kan na hagu. Na ce a raina randa biyu ce aka haɗa, ruwa ya ƙaru, ƙarfinsa ɗaya. Haka na ga ana haɗa batiran hasken rana a gida don su daɗe. Na ma ji daɗi.

Na maƙala ja. Na maƙala baƙi. Na sa kan a ramin.

Ƙarar ba ta da yawa, kamar an taka busasshen ganye. Sai wari, irin na gashin da ya faɗa wuta. Na zare igiyar. Na ɗaga murfin. Baƙi. Na danna, na sake dannawa, na kara kunne a jikinta. Ban san tsawon lokacin da na yi ina dannawa ba, wannan kaɗai ne lokacin da babu shi a kayena.

Warin ne ya tayar da Gambo. Ya zo ya duba inda na maƙala.

"Wa ya ce ka sa nan? Kamyo ashirin da huɗu ne, kowa ya sani."

"An rubuta sha biyu."

"A kan nawa?"

"A kan duka biyun."

"To sha biyu da sha biyu nawa ke nan, malam?"

Ya nuna mini igiyar tsakiyar. Ba gefe da gefe aka haɗa su ba, bakin ɗaya aka sa a gindin ɗaya, kamar injin ban ruwa biyu a tiyo guda, na baya yana tura na gaba. Da na kama kawuna biyu na batiri ɗaya, da sha biyu na samu. Ya ce shi ya ɗauka waya ce da abin rage wuta irin na 'yan kamyo. Ban ga laifinsa ba. Ban ga laifin Baba Ali ba, ban gaya masa da kamyo zan ƙarasa ba, ni ma ban sani ba.

Mariama ba ta ce "na gaya maka" ba. Ta ba ni rabin ruwanta, ta karɓi ordinatar ta naɗe ta da kanta, ta ɗaura mini a ƙirji. Kwana biyu muka ƙara kafin Agadas, ina rungume da ita kamar dā.

Zango na shida, Zinder.

Ban wuce gida ba sai da na shiga shago uku na masu gyara a bayan babbar kasuwa. Biyu suka shinshina ramin suka mayar mini. Na ukun ya kwance ta a gabana, ya nuna mini wani baƙin tabo a kan allon ciki, da layin ƙuna da ya bi. Na ce na ji ana ciro ma'ajiyar ordinatar a sa a wata. Ya ce a manya haka ne. Irin waɗannan ƙananan, ma'ajiyar manne take a jikin allon, kuma wutar ta bi ta kanta. Ya gwada duk da haka, tun hantsi har la'asar. Babu.

Yana mayar da kusoshi ya tambayi dalilin da ya sa na jona ta a kamyo. Na gaya masa zancen kod. Ya dakata.

"Baba, da ka bar ta ta mutu da kanta. Kod irin wannan akwai hanyar da muke bi, sau da yawa ana dacewa."

Na ce ya maimaita. Ya maimaita. Na rubuta a matsayin na shida, ko da yake ban san wa zai amfana ba.

Zango na bakwai, Gidimuni.

Na isa ranar Lahadi bayan sallar azahar. Isufu ya riga ya aiko da labari ta bakin wani ɗan Dogo cewa ina tafe da muryar Salisu. An shimfiɗa tabarmi a tsakar gida. Liman ya zo, baffanninmu biyu sun zo, mata sun cika ƙofar ɗaki. An yi komai yadda ake yi, yadda na so a yi. Aka fito da Inna aka zaunar da ita a tsakiya, ta yi wanka ta sa zanenta na sallah.

Na ajiye ƙunshin a cinyarta. Ta kwance bargon, ta shafa murfin, ta bi gefe-gefe da yatsa. Ta kai ta hanci.

"Tana warin wuta, Haruna."

Na durƙusa na faɗa mata komai bi da bi, daga ƙarfe huɗu da minti ashirin na ranar Laraba har shagon Zinder. Ban rage zancen Baba Ali da katinsa ba, ban rage zancen Mariama ba. Babu wanda ya katse ni.

Da na gama ta ce, "Kai ka ji abin da ya ce?"

"Ban ji ba, Inna."

"Ko farkon?"

"Ko kalma ɗaya. Ya ce sai a gabanki."

Ta dafa murfin da hannu biyu.

"To ga ni," in ji ta.

Liman ya yi addu'a, mutane suka watse a hankali. Ba ta zage ni ba, ba ta yi kuka a gabana ba. Ta sa an ajiye ordinatar a cikin kwallarta, inda take ajiye zanen da ta ce a lulluɓe ta da shi. Wani lokaci in na kawo mata kayan miya daga lambu ina samun ta ta fito da ita, ta ɗaga murfin, tana zaune. Takan tambaye ni ko a ganina gafara ya nema, ko wani abu ya bari a wurin wani, ko dai hira ce kawai irin tasa. Ina ce mata ban sani ba, don ban sani ba.

Maganar da ya yi mata ta tafi, na yarda da wannan. Amma Salisu ya yi shekara uku yana zuba kati a ƙofar gidan Ba Kyari, kuma mutanen da suka bi ta gabansa sun watsu daga Tanut har Magarya. Na gidan an kwashe wayoyinsu, nawa katin kuwa ban taɓa ba shi ba.

Saboda haka ga roƙona gare ka, mai karatu. In ka taɓa zama a Sabha, ko wani naka ya dawo daga can da tsohuwar waya a ƙasan akwati, ka ciro katin, ka kunna abu na farko da ke ciki. In ka ji wani saurayi mai ɗan sauri a magana yana cewa shi ɗan Gidimuni ne, a sa su a addu'a, kada ka goge. Ka kwafe shi wuri biyu tun kafin ka tashi daga inda kake zaune. Sannan ka kawo ɗaya Gidimuni, ka tambayi lambun Haruna a bakin tafki. Ka yi sauri, tsohuwar tana nan, kuma kunnenta lafiya lau.